Tashoshin gas na ko-ta-kwana: yadda suke aiki, hayaƙin da suke fitarwa, da abin da ya shafi Dutse

Da an idar da sallar magariba a Dutse, buƙatar wutar lantarki takan tashi a lokaci guda. Ana kunna fitilu a Takur da Fagoji da Gida Dubu, fanka na juyawa a ɗakunan kwanan ɗalibai, masu sayar da ruwan sanyi suna so firji ya kama kafin dare ya yi nisa. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fi ɗauke wuta, sai ƙarar janareto ta karɓi gari.

Waɗannan awanni, daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe goma na dare, su ne injiniyoyi suke kira lokacin ƙololuwar buƙata. Kowace ƙasa tana fama da su, kuma ƙasashe da yawa sun tanadi wani nau'in tashoshi na musamman dominsu, tashoshin da ake iya kira na ko-ta-kwana. Babu irin wannan tasha a Jihar Jigawa. Amma batun ya shafi jihar kai tsaye, saboda kaso mai yawa na wutar da ke iso mata daga injinan wannan nau'i yake fitowa, kuma bututun gas da ake shimfiɗowa zuwa Kano zai tilasta wa Arewa ta zaɓi irin tashar da za ta gina.

Mece ce tashar ko-ta-kwana?

Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira bazara. A babban layin ƙasa, dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Idan ma'aunin ya karkace sosai, injina sukan kashe kansu domin kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya durƙushe gaba ɗaya. Cibiyar da ke Osogbo a Jihar Osun ce take sa ido a kan wannan ma'auni a Najeriya.

Saboda haka ake raba tashoshi bisa aikinsu. Akwai masu ɗaukar nauyin yau da kullum, waɗanda ke aiki dare da rana, kuma ana so su zama masu arahar mai. Akwai kuma na ko-ta-kwana, waɗanda ke zaune shiru mafi yawan yini, sai buƙata ta hau ko wata babbar tasha ta faɗi a tashe su. Darajarsu tana cikin saurinsu. Wasu injinan, musamman waɗanda aka samo fasalinsu daga injin jirgin sama, suna iya kaiwa cikakken ƙarfi cikin kimanin minti goma zuwa sha biyar, alhali babbar tashar tururi da ta huce tana iya cin awanni kafin ta kama. A Amurka da Turai, irin waɗannan tashoshi sukan yi aiki ne na 'yan ɗaruruwan awanni daga cikin awa 8,760 da ke cikin shekara.

Akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a warware. A bakin direbobi da masu janareto, “gas” na nufin man dizal. Gas ɗin girki kuma, wanda ake ɗurawa a tukunya, wani abu ne daban. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin metan ne, kuma bututu ne ke kai ta tasha.

Zagaye ɗaya da zagaye biyu

Injin tashar gas yana zuƙar iska, ya matse ta, ya gauraya ta da gas, ya cinna wuta. Zazzafan hucin da ya fito shi ke juya farfela, farfelar kuma ta juya na'urar da ke haifar da lantarki. A tashar mai zagaye ɗaya, aikin ya ƙare a nan: hucin, wanda zafinsa ya kai maki 500 ko fiye a ma'aunin Salshiyos, sai ya fice ta bututun hayaƙi ya bi iska. Irin wannan tasha takan mayar da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai na ƙarfin da ke cikin gas ɗin zuwa lantarki. Sauran ya tafi a banza.

A tashar mai zagaye biyu, ana tare wannan huci a tafasa ruwa da shi, tururin ya juya wata farfela ta biyu. Da gas ɗin da aka riga aka ƙona sai a sami ƙarin wuta kusan rabin ta farko, ribar ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Gina ta ya fi tsada, ya fi ɗaukar lokaci, kuma ba ta da saurin tashi kamar 'yar'uwarta. Shi ya sa a ƙa'ida mai zagaye biyu ce ke ɗaukar nauyin yau da kullum, mai zagaye ɗaya kuma ta tsaya a ko-ta-kwana. Ɓarnar gas ɗinta ba ta da yawa idan awa uku ko huɗu take yi a rana.

Yadda Najeriya ta juya lissafin

Kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar babban layin Najeriya daga gas take fitowa. Ragowar ta madatsun ruwa ce, irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. A takarda, ƙarfin tashoshin ƙasar ya kai wajen megawat 13,000. A zahiri, abin da ke hawa layi yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma mafi yawan da aka taɓa kaiwa bai wuce kusan 5,800 ba, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

Lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin gina sabbin tashoshi da ake kira NIPP a tsakiyar shekarun 2000, gaggawa ake yi, don haka galibinsu masu zagaye ɗaya aka gina: Geregu a Kogi, Omotosho a Ondo, Ihovbor a Edo, Odukpani kusa da Kalaba, da sauransu. Tashar Azura-Edo mai ƙarfin megawat 461, wadda ta fara aiki a 2018, ita ma mai zagaye ɗaya ce. Masu zagaye biyu, irin su Okpai a Delta da Afam VI a Ribas, su ne 'yan tsiraru.

Ma'anar wannan ita ce injinan da wasu ƙasashe ke ajiyewa domin magariba su ne Najeriya ta ɗora wa aikin dare da rana. Kuma tunda wutar ba ta isa ko da tsakar rana ba, babu wani rarar ƙarfi da ake ajiyewa domin lokacin da buƙata ta hau. Abin da ake yi idan magariba ta yi shi ne a rage masu sha: a kashe wannan layi, a bar wancan. Rashin wannan rara yana cikin dalilan da suka sa babban layin ya durƙushe fiye da sau goma a 2024.

Dutse tana can ƙarshen wannan doguwar igiya. Kusan duk tashoshin gas suna Kudu ne, kusa da rijiyoyin Neja Delta da bututun da ke zuwa Legas. Wutar takan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta bi ta Kaduna, ta sauka a Kumbotso a Kano, sannan a rage ƙarfinta a turo wa Jigawa ta hannun kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wa Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin wuta a Nuwamban 2013. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ke ratsowa ta Binuwai ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Babu wata tasha a kusa da za a tayar ta riƙe asibitoci da tashoshin ruwan famfo.

Lissafin hayaƙi

Ana yawan cewa gas makamashi ne mai tsafta. Gaskiya ne ya fi kwal da dizal, amma tsaftar tasa ta danganta da injin da ya ƙona shi. Ga kowane yunit ɗaya na wuta, wato wanda mita ke cirewa, tashar kwal takan fitar da kimanin giram 900 zuwa 1,000 na iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Tashar gas mai zagaye biyu takan fitar da giram 350 zuwa 400. Mai zagaye ɗaya kuwa, giram 550 zuwa 650, kuma yakan wuce haka idan injin ya tsufa ko ana tafiyar da shi a rabin ƙarfinsa.

Misali zai fito da bambancin fili. A ɗauki tasha mai ƙarfin megawat 100, mai zagaye ɗaya, mai fitar da giram 600 a kowane yunit. Idan awa huɗu take yi kullum da yamma, za ta samar da yunit miliyan 146 a shekara, ta fitar da kusan tan 88,000 na kabon dayoksaid. Idan aka bar ta tana aiki ba dare ba rana, yunit miliyan 876 ke nan, da hayaƙi fiye da tan 525,000. Da a ce mai zagaye biyu ce ta yi wannan aiki a kan giram 370, hayaƙin zai tsaya a wajen tan 324,000. Tazarar tan 200,000 da ke tsakani gas ne da aka saya aka ƙona ba tare da ya haska ko ƙwai ɗaya ba, kuma kuɗinsa yana cikin farashin da mai mita ke biya ko tallafin da gwamnati ke ciyo bashi ta biya.

Akwai hayaƙi iri biyu kuma da wannan lissafi bai ƙunsa ba. Na farko sinadaran naitirojin ne da ke samuwa saboda tsananin zafin ƙuna. Su ba ɗumama duniya ce babbar illarsu ba, huhun maƙwabtan tashar suke taɓawa, suna tayar da asma da tari, kuma sun fi fita a lokacin tayar da inji da kashe shi, wanda shi ne aikin tashar ko-ta-kwana kullum. Saboda wannan ne jihar New York a Amurka ta kafa doka a 2019 da ta tsananta wa tsofaffin tashoshin wannan nau'i, waɗanda da yawansu ke cikin unguwannin talakawa. Na biyu shi ne metan da ke tsiyaya daga rijiya da bututu tun kafin ya kai tasha. A cikin shekara ashirin na farko, ƙarfinsa na riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 80. A haɗa da gas ɗin da ake ƙonawa a banza a bakin rijiyoyin mai, inda Najeriya take cikin ƙasashe goma na gaba a duniya a ƙididdigar Bankin Duniya.

Sai dai adalcin lissafi yana buƙatar a tambayi abin da tashar za ta maye gurbinsa. A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, tashar ko-ta-kwana ta haƙiƙa ita ce janareton da ke ƙofar shago. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na kabon dayoksaid, ta fetur kuma kusan kilo 2.3. Ƙaramin janareto yakan fitar da giram 800 zuwa fiye da 1,000 a kowane yunit, ga toka da iskar kabon monoksaid mai kisa da yake hurawa a daidai hancin mutane. Idan aka auna da wannan, ko tashar gas mai zagaye ɗaya ci gaba ce. Idan aka auna da hasken rana da ke zuba a Jigawa kyauta, lissafin ya canza.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin gas an auna shi ne a yanayin zafi na maki 15. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, don haka injin ba ya zuƙar abin da ya ishe shi. A ranar Afrilu da zafi ya kai maki 40 a Dutse ko Kano, injin da aka ce megawat 100 ne zai iya rasa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma ya ƙara cin gas a kan kowane yunit. Wannan yana faruwa ne a daidai watannin da aka fi buƙatar fanka da firji. Da hunturu kuma ƙura takan toshe matatun iska, ta ci bakin farfela. Ita kuwa mai zagaye biyu tana son ruwa mai yawa domin sanyaya tururi, sai dai idan an ƙara kuɗi an yi mata na'urar sanyayawa da iska. A yankin da manoman rani da masunta da makiyaya ke raba ruwan kogin Haɗeja, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ya ji an sanar da adadin megawat a wurin bikin aza harsashi, ya kamata ya san adadin da zai hau layi a bazara ya gaza haka.

Darussa daga Kaduna, Maiduguri da Afirka ta Kudu

Arewa ta riga ta ɗanɗana gina tasha ba tare da tabbacin mai ba. An ba da kwangilar tashar Kudenda mai megawat 215 a Kaduna a 2009, a wurin da bututun gas bai kai ba, kuma an shafe fiye da shekara goma ba ta ba da wutar da aka yi alkawari ba. A Maiduguri, bayan 'yan tada ƙayar baya sun tarwatsa turakun layin Damaturu a farkon 2021, kamfanin NNPC ya gina tashar gaggawa da aka tsara ta kai megawat 50, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a Maris 2023. Ta nuna ana iya kafa ƙaramar tashar gas cikin sauri a Arewa mai nisa. Ta kuma nuna tsadar hakan, domin a tankoki ake ɗauko mata gas ɗin da aka daskarar, tun daga Kudu.

Afirka ta Kudu ta ba da darasi na uku. A 2007 kamfanin Eskom ya buɗe tashoshin ko-ta-kwana na Ankerlig da Gourikwa, masu ƙarfin da daga baya ya haura megawat 2,000 a haɗe, suna ƙona dizal. An gina su ne domin 'yan awanni. Da tsofaffin tashoshin kwal suka fara gazawa, sai aka koma dogaro da su, kamfanin ya riƙa kashe biliyoyin rand a kan mai duk shekara. Tashar ko-ta-kwana tana da amfani ne idan akwai wata mai araha da ke ɗauke da nauyin yini.

Bututun AKK da zaɓin da ke gaban Jigawa

A ƙarshen Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2.8. An sha ɗage ranar kammala shi. Cikin shirin akwai manyan tashoshi a Abuja da Kaduna da Kano, kuma a Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin kashin farko na ta Gwagwalada mai megawat 350. Ranar da gas ya iso Kano, tazarar da ke tsakanin Dutse da tashar gas mafi kusa za ta ragu daga ɗaruruwan kilomita zuwa ɗari da 'yan kai.

Amma bututu kaɗai ba ya kawo wuta. Tashoshin Kudu da ke zaune a kan gas ma sukan tsaya saboda masu sayar da gas ba a biya su ba. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 4. Tasha a Kano za ta shiga wannan kasuwa ce, da duk ramukanta.

Abin da Jigawa take da shi a hannu shi ne rana da fili. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin hasken rana masu ƙarfin fiye da megawat 1,000 a haɗe, ciki har da wadda aka tsara a yankin Dutse. Taƙaddama a kan farashi da lamunin gwamnati ta hana su tashi. Wadda ta tabbata a yankin ita ce ta megawat 10 a Kumbotso, da aka buɗe a Janairun 2023. Raunin hasken rana sananne ne: yana ƙarewa a daidai lokacin da buƙata ke hawa. A nan ne tashar ko-ta-kwana take da aikinta na asali, ta riƙe awanni huɗu ko biyar na dare, rana ta riƙe yini. A nan ne kuma ta sami kishiya. Farashin batirin litiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga 2010, kuma jihar Kalifoniya ta haura megawat 10,000 na batura a 2024, suna ɗaukar wani kaso na aikin magariba da tashoshin gas ke yi a da.

Doka ma ta canza. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kuma tsara kasuwarta a cikin iyakokinsu. Uzurin cewa wuta harkar Abuja ce kaɗai ya ragu ƙwarai. Ita kuma Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na Nuwamban 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa sifili nan da 2060, alhali injin gas da aka kafa yau zai iya kaiwa shekara talatin yana aiki. Jihar da ambaliyar 2022 ta ci rayuka da gonaki a Ringim da Kafin Hausa da Haɗeja tana da dalilin kula da wannan alkawari, ko da yake kasonta a hayaƙin duniya ɗan mitsitsi ne.

Idan ɗan takara ko kwamishina ya zo da alkawarin tashar gas, akwai tambayoyin da amsarsu ke bambanta shiri da zancen kamfen. Zagaye ɗaya ce ko biyu, kuma awa nawa za ta yi a rana? Daga ina gas zai zo, wa ya sa hannu a kan kawo shi, a kan wane farashi, da naira ko da dala? Megawat nawa za ta bayar a Afrilu? Nawa ne yunit ɗinta idan aka kwatanta da na rana da batir, da kuma naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024? Ina rahoton nazarin tasirinta ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, kuma su wane ne ke zaune a inda iska za ta kai hayaƙin? Tela a Fagoji da mai walda a Shuwarin su ne za su biya kuɗin amsar, ko ta mita, ko ta galan ɗin fetur da suke saya kullum kafin magariba.